Daga Rumde Ajiya a Ƙaramin Babur: A Tafi Ko a Haƙura?

Da zarar ruwa ya ɗauke a Garwa aka fara jin sanyin asuba, sai wata magana ta dawo majalisun matasan Rumde Ajiya. Maganar ita ce ta ɗaure jaka a bayan ƙaramin babur, irin mai tsayin ƙafa da ke cin kwalta ya ci burji, a bar gari na mako ɗaya ko biyu. Wasu idonsu yana arewa: a bi ta Gashiga da Durbai, a hau duwatsun Kapsiki a kwana Rumsiki, a sauka Mokolo, a dawo ta Marwa. Wasu kudu suka nufa, Poli da gindin tsaunukan Alantika, daga nan a haura Ngaundere. Akwai kuma masu dangi a Yola ko Mubi, ko a Lere ta ƙasar Cadi, waɗanda ba su ga dalilin zaman jiran mota ta cika a tasha ba alhali ga abin hawa jingine a zaure. Iyaye da yayye kuwa amsarsu ɗaya ce, ba sa ma ɓoye ta: ga bas, ga jirgin ƙasa daga Ngaundere ga mai son kudu, me ya yi zafi?

Na daɗe ina sauraron ɓangarorin biyu, kuma na lura ba hanya ɗaya suke hangowa ba. Matashin jar ƙasa yake gani tana lanƙwasa tsakanin duwatsu, uban kuwa tankar mai yake gani tana fitowa daga kwana. Duka hanyoyin biyu suna nan, kuma duk wanda ya tashi daga Garwa sai ya taka su duka kafin ya dawo gida.

Hujjar farko ta masu son tafiya ita ce ƙasar kanta. Kwalta a wannan yanki kusan guda ce: babbar hanya mai lamba 1, wadda ta gangaro daga Ngaundere ta bi Mbe da Guna da Ngong, ta haye Binuwai a Garwa, ta wuce Pitowa da Figil ta nufi Marwa. Rassanta 'yan kaɗan ne, irin wanda ya shiga Lagdo da wanda ya shiga Gider. Da ka sauka daga kanta sai burji da gargada da yashin mayo, wato rafi. Manyan bas irin na Touristique da Danay galibi kwalta suke bi. Mai son Poli ko Colire ko Rai Buba, idan bai dace da motar da ke shiga kai tsaye ba, a mararraba za a sauke shi, a nan kuma babur ɗin haya zai hau, goyon biyu ko uku, ba hular kwano, a bayan yaron da bai taɓa gani ba, wanda ke sauri don ya dawo ya ɗauki wani. Matasan suna cewa: in dai ƙarshenta babur za mu hau, ai gara namu, wanda muka san birkinsa, muka san tayarsa, kuma mu ne riƙe da kansa. Wannan hujja tana da nauyi, kuma ban taɓa jin wani dattijo ya ba ta amsa mai gamsarwa ba.

Sai maganar injin. Ƙaramin babur na daji, irin su Yamaha DT da XTZ mai 125cc, ko AG, ko Honda XL, nauyinsa ba ya wuce kilo 110 zuwa 130. Idan ya faɗi cikin yashi mutum ɗaya zai tashe shi. Idan aka iske rafi da ruwa, mutum biyu ko uku za su cicciɓe shi su sa a kwale-kwale. Manyan baburan da Turawa ke yawon duniya da su sun haura kilo 200, kuma ranar da kwamfutar cikinsu ta ƙi, babu bakaniken da zai taɓa su tsakanin Garwa da Yawunde sai an nemo na musamman. Ƙaramin kuwa kafireto ne da fulogi ɗaya da iska mai sanyaya shi. Ƙafarsa ta gaba mai faɗin inci 21 takan hau bakin rami ta wuce a inda ƙaramar ƙafa za ta faɗa ciki, cikinsa kuma ya yi nisa da ƙasa, ba ya gogar dutse.

Ba kuma sabon abu suke son ƙirƙira ba. Malaman gona na auduga, tun da aka kafa Sodecoton a 1974 da hedikwata a nan Garwa, a kan irin waɗannan babura aka saba ganinsu suna zaga ƙauyuka. Ma'aikatan rigakafi da akwatin sanyi ɗaure a baya haka suke kaiwa rugagen da mota ba ta zuwa. A waje ma an gwada. A 2003 wata 'yar Ingila, Lois Pryce, ta tashi daga Alaska ta kai ƙarshen Ajantina a kan Yamaha mai 225cc, bayan shekara uku kuma ta taso daga Landan ta ratsa Sahara ta kai Afirka ta Kudu a kan mai 250cc. Don haka batun ko ƙaramin inji zai iya doguwar tafiya an gama shi. Zai iya, muddin an bar shi ya tafi da saurinsa, ana kuma canza masa baƙin mai a kan kari.

Akwai wata hujjar da matasan ba su cika furtawa ba, amma ni ita ta fi taɓa ni. Bajamushen nan Barth ya ratso hamada ya tsaya a mahaɗar Binuwai da Faro a watan Yunin 1851, ya rubuta abin da ya gani duniya ta karanta. Yau ga yaron da aka haifa a Rumde Ajiya, ya san Duwala, ya san unguwannin Dubai a waya, amma bai taɓa ganin wannan mahaɗa ba, bai shiga kwazazzabon Kola kusa da Gider ba, bai tsaya gaban dogon ginin ƙasa na fadar Rai Buba ba. Kakarsa tana wani ƙauye bayan Poli, sai dai a gaisa ta waya in an dace da sabis. Mutumin da ya ratsa ƙasarsu a hankali, ya sha ruwan rijiyoyinta, ya kwana a zaurukan mutanenta, ba zai yi maganar Kapsiki ko Dowayo ko Koma da irin rainin da ake ji a bakin wasu 'yan birni ba. Wannan riba ce ta gaske, kuma tagar bas ba ta bayar da ita.

To amma sai a zo kan kwalta, a nan kuma maganar iyaye take tsayawa da ƙafarta. Hanya mai lamba 1 ba hanyar Garwa kaɗai ba ce, ita ce hanyar cin abincin Cadi. Kayan da aka sauke a tashar ruwa ta Duwala, ko aka sauke daga jirgin ƙasa a Ngaundere, ta nan tireloli da tankoki ke bi da su zuwa Kusiri da Njamena dare da rana. Babur mai 125cc da kaya a baya, saurin da zai riƙe ba tare da wahalar da inji ba bai wuce kilomita 60 zuwa 70 a awa ba. Wato kowa zai wuce ka: bas, tanka mara lodi, motar jami'in da ke sauri. Duk babbar motar da ta gifta sai iskarta ta tura ka gefe sannan ta jawo ka ciki. Inda ramuka suka yi yawa, kuma suna da yawa tsakanin Garwa da Ngaundere, direban tirela yakan bar hannunsa ya dawo naka don ya kauce wa rami, ya kunna maka fitila, sauran ya rage naka.

Wanda ya taɓa hawa hayin da ke tsakanin Mbe da Ngaundere ya san abin da nake nufi. Garwa tana ƙasa a kwarin Binuwai, Ngaundere kuwa tana sama da mita 1,000, kuma babban rabon wannan tsayi a 'yan kilomitoci ake hawansa, hanya tana naɗewa a jikin dutse. Za ka iske tirela tana rarrafe da giya ɗaya, baƙin hayaƙi yana dukan fuskarka, yaron mota yana biye da ita a ƙasa da weji a kafaɗa don in ta tsaya ya cusa mata a ƙarƙashin taya. Ganyen da aka zube a tsakiyar titi yana gaya maka akwai wata ta lalace bayan kwanar da ba ka gani. Injinka ya yi zafi, kana giya biyu, zuciya tana ce maka ka wuce ta mana. Daga sama kuma ga wata tana gangarowa, warin birkinta da ya ƙone yana riga ta isowa. Ƙaramin babur ba shi da ƙarfin da zai fizge ka daga tsakanin su biyu idan lissafinka ya kuskure da daƙiƙa uku.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 sun ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kusan ɗaya cikin biyar masu babur ne da makamantansa, kuma nahiyar Afirka ce kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Hukumar ta ce hular kwano ta ƙwarai, in an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa fiye da ninki shida. Sai dai hula ba ta hana karayar cinya, kuma wanda ya karye a bayan Poli ko a kan hanyar Durbai, tsakaninsa da likitan ƙashi awoyi ne a bayan a-kori-kura. Na ji wani dattijo yana faɗa wa ɗan 'yar'uwarsa wannan magana a taƙaice. Yaron ya ce, "Kawu, shekara nawa ina tuƙi a garin nan, ka taɓa jin na faɗi?" Dattijon ya ce, "Ɗana, ban ce ba ka iya ba. Wanda zai buge ka ne ban san ko ya iya ba."

Matasan suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce haɗarin babur ai a cikin gari ma yake, a mararrabar kasuwa da shataletale inda 'yan kilando masu babur ɗin haya ke kutsawa ta ko'ina, kuma shirin tafiyarsu duk don a guje wa kwalta ne. Gaskiya ne. Amma zagayen Rumsiki da dawowa ta Marwa yana ƙarewa da kilomita 200 da 'yan kai na wannan babbar hanya, a ranar ƙarshe, lokacin da jiki ya gaji, hankali kuma ya riga ya isa gida. A nan nake ganin iyaye sun fi su gaskiya, sai dai in an yarda a raba wannan zango biyu, a kwana Figil ko Gider, ko kuma a koma ta burjin da aka zo.

Batun kuɗi ba ya buƙatar dogon zance. Irin wannan babur yakan ci kilomita 30 zuwa 40 da lita ɗaya. Garwa zuwa Ngaundere kusan kilomita 280 ne, wato wajen lita 8, kuma tun Fabrairun 2024 litar fetur a gidan mai sefa 840 ce. Ka ga an doshi sefa 7,000 a mai kaɗai, ba a sa baƙin mai da cin taya da sarƙa ba. Ga mutum ɗaya a kan kwalta, babur ba ya rage maka komai a kan bas. Ribarsa tana fitowa ne a inda da sai ka yi shatar mota ko ka yi ta biyan masu haya zango-zango.

Man ma kansa abin tattaunawa ne. Shekara da shekaru arewacin Kamaru da zuwa-zuwa yake tafiya, man Nijeriya da ake shigowa da shi a jarkoki. Tun da aka cire tallafi a can a ƙarshen Mayun 2023 arahar ta ragu ƙwarai, amma a ƙauye har yanzu shi ne gidan mai. Za ka ga teburin katako a gindin dalbejiya, kwalabe jere rana tana haskawa ta cikinsu, yaro ya kawo mazurari da ƙyalle a bakinsa. Mai hankali yakan ɗaga kwalbar ya duba gindinta, domin ruwa ya fi fetur nauyi, a ƙasa yake kwanciya. Yakan ɗiga kaɗan a bayan hannu: na ƙwarai nan take yake bushewa, wanda aka surka da kananzir yakan bar maiƙo. Masu adawa da tafiya suna cewa wannan kaɗai ya isa ya tsayar da kai a dokar daji. Masu goyon baya suna cewa shi ya sa kafireto ya fi na'urar zamani a nan, tunda ƙusa ɗaya za ka kwance a ƙasansa ruwan ya tsiyaye ka ci gaba. A wannan gaɓa na fi karkata ga matasa, da sharaɗin mutum ya koyi kwance ƙusar tun yana gida, ya kuma sa 'yar matatar mai a kan tiyo.

Akwai muhawara ta biyu a cikin ta farko, ita ce ta fi zafi a garejin bakanikai. Wasu da suka yarda da tafiyar ba su yarda da baburin daji ba. Suna cewa ka ɗauki Boxer ko TVS ko ɗaya daga cikin na Sin da suka cika gari. Dalilinsu kayan gyara ne. Duk ƙauyen da ke da kasuwa yana da mai faci da bakanike, kuma abin da ke rataye a rumfarsa na baburan haya ne: taya da tub mai inci 17 ko 18, wayar kuloci, takalmin birki, sarƙa da haƙoranta. Tayar gaba mai inci 21 kuwa, in ta yage a Mogode ko Wangai, sai dai a aika Marwa ko Garwa, ka zauna jira. Wani maigidan gareji ya taɓa ce wa mai DT a gabana, "Malam, naka ya fi nasu hawa dutse, amma nasu ko'ina ya mutu yana da dangi." Ga kuma kujera: ta Boxer shimfiɗaɗɗiya ce mai faɗi, an yi ta don zaman yini, ta baburin daji siririya ce, bayan awa uku sai mutum ya fara neman dalilin tsayawa. Tsohuwar DT kuma tana shan mai fiye da sauran, ga man inji na musamman da take ƙonawa tare da fetur, wanda ba kowane ƙauye ake samun nagari ba.

Masu baburin daji su ma ba su rasa ta cewa ba. Gargada ta yini guda tana kashe shakazobar baburin gari, tana kwance masa kowane noti, tana kuma gajiyar da hannu har ya kasa matse birki. A gangaren dutse mai tsakuwa, ko a yashin mayo mai zurfi, bambancin taya mai ƙurji da mai santsi shi ne bambancin wucewa da faɗuwa. Kuma matsalar kayan gyara tana da magani mai sauƙi: tub na gaba da na baya, wayar kuloci da ta totur, fulogi biyu, mahaɗin sarƙa, famfo da ƙarafan cire taya, duk ba su cika rabin jaka ba. Ra'ayina shi ne hanya ce ke zaɓar babur. In kashi biyu cikin uku na tafiyar burji ne mai duwatsu, irin na Durbai zuwa Rumsiki, na daji ya cancanci wahalarsa. In yawanci kwalta ce da burji mai kyau, wanda ya sayar da Boxer ɗinsa ya ci bashi don ya sayi XTZ ya yi asarar kuɗi, ya kuma rage wa kansa masu taimako a hanya.

Duk abin da aka faɗa zuwa nan shiri yana iya rage shi. Batun tsaro ne shiri ba ya gamawa da shi, kuma a nan ne nake ganin wasu matasa suna yi wa kansu ƙarya. Masu tare hanya da ake kira zargina sun addabi wannan yanki tun kafin a kafa rundunar BIR don yaƙar su. Daga baya sana'ar ta koma garkuwa da mutane, musamman a dazukan Mayo-Rai, wajen Tuboro da iyakar Cadi da Afirka ta Tsakiya, inda makiyaya da manoma suka sha sayar da shanu don biyan fansa. A can arewa kuma, a Fabrairun 2013 aka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da Dabanga bayan sun fito daga gandun Waza, kuma a kan babura maharan suka zo. A Mayun 2014 aka kwashe ma'aikata 'yan Sin goma a Waza. Mai babur shi kaɗai a daji ya haɗa abu biyu da ɓarawo ke so, abin hawan da za a sayar gobe da kuma mutumin da za a nemi kuɗi a kansa.

Ta ɗaya gefen kuma, mai babur abin zargi ne. Tunda mahara da babur suke zuwa, hukumomi babur suke fara hanawa. Maiduguri ta hana a 2011, Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, jihar Difa ta Nijar ta hana a 2015, a Yola ma an daɗe da taƙaita hawansa a cikin gari. Tun 2014 hukumomin Arewa Mai Nisa sun sha kafa dokar taƙaita zirga-zirgar babura da dare da kuma a ƙauyukan bakin iyaka. Saurayi baƙo, fuska rufe da hula da ƙyallen ƙura, jaka ɗaure a baya, yana tunkarar shingen soja ko na 'yan sintiri da magariba, ya sa kansa a matsayin da bayani ba lallai ya samu lokacin fitowa ba. Masu son tafiya sukan ce ai Rumsiki tana kudu da Mokolo, hare-haren kuwa sun fi yawa a arewa da ita, wajen Turu da Mozogo da Moskota. Haka ne, kuma mutanen Rumsiki da suka rayu da baƙi shekaru da yawa suna marmarin ganin baƙo. Amma labarin hanya yana canzawa cikin mako guda, kuma abin da wani ya gani bara ba ya zama hujja bana.

Lokacin tafiya kuwa babu gardama a kansa sosai. Daga Yuli zuwa Satumba mayo da ka ratsa a bushe da safe yana iya cika ya tumbatsa da la'asar saboda ruwan da aka yi a kan duwatsu can nesa, baƙar laka kuma tana cushe tsakanin taya da madogari har ƙafa ta daina juyawa. Ruwan Agustan 2020 gadar Palar ta Marwa ya karya, balle mashigin ƙauye. Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, inji mai sanyaya da iska da mahayinsa duk suna galabaita. Abin da ya rage shi ne Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, da sharaɗin wanke matatar iska a kai a kai saboda ƙurar hunturu, da kunna fitila ko da rana in hazo ya sauka.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ɓangarorin biyu sun manta cewa kakanninmu sun riga sun yi wannan lissafi a kan wannan ƙasa. Fataken Hausa sun yi ta ratsa Adamawa zuwa Ngaundere da Tibati da Banyo neman hauren giwa da goro, a zamanin da hanya ta fi ta yau haɗari. Madugu Muhamman Mai Gashin Baki, wanda ya jagoranci Bajamushe Flegel har Ngaundere a 1882, daga baya ma ya bi shi Balin a 1884, irin waɗannan mutane ne. Ba su fasa tafiya don tsoro ba, ba su kuma tafi da ka ba. Ayari yana da madugu mai yanke shawara da jagaba masanin hanya. Sai ruwa ya ɗauke ake tashi. Ana kama hanya da asuba a sauka zango rana tana sama. Kowane gari akwai mai masauki da aka sani, kuma kafin a ɗaura kaya sai an tambayi waɗanda suka fito daga gaba labarin hanya, in aka ce ta ɓaci a zauna ko a sake wata.

Wannan tsari yana amsa rabin tsoron iyaye ba tare da ya hana matasa tafiya ba. Babur uku, iri ɗaya in da hali don kayan gyara su yi wa kowa: in ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya tafi neman taimako. Kada kuma su wuce uku ko huɗu, domin jerin babura masu yawa a bakin iyaka shi ne ainihin abin da soja ke tsoro. Zangon yini kada ya wuce kilomita 150 a burji, tunda da tsayawa da tambaya da faci, kilomita 25 zuwa 30 a awa shi ne gaskiyar abin da ake ci. A sauka kafin la'asar sakaliya, a fara da gaida jauro ko lawan, a faɗi daga ina zuwa ina, domin baƙon da mai gari ya san da zamansa yana da mai tsaya masa. A shinge a rage gudu tun daga nesa, a kashe inji, a cire hula, a bar kayan kaki a gida. A bar wa na gida sunan kowane zango da lambar wani a can, tunda akwai wuraren da MTN da Orange duk ba sa kamawa. Takardu kuma su cika: katin ɗan ƙasa, lasin, kart giriz wato takardar babur, inshora. Mai niyyar Lere ya san katin inshora mai ruwan hoda na ƙasashen CEMAC yana aiki a Cadi, mai niyyar Yola ko Mubi kuwa ya san Nijeriya tana cikin wani tsarin daban na ECOWAS, sai ya nemi nasu, ya riƙe katin rigakafin shawara, ya kuma tambayi inda aka yarda babur ya shiga kafin ya isa iyaka.

Da za a ce in raba gardamar, ga yadda zan raba ta. Poli da kewayenta, da Gider da kwazazzabon Kola, ina tare da matasa, kuma ina ganin uban da ya hana ɗansa mai hankali wannan tafiya cikin ayari ya tauye shi. Ngaundere ma na yarda, in za a tashi da asuba a hau hayin kafin azahar, a haƙura a bi bayan tirela har inda ake ganin gaba. Rumsiki sai an ji daga bakin mutanen Durbai da Mogode a cikin makon tafiyar, in kuma maganarsu ta rabu biyu a fasa. Hanyar Mora zuwa Waza zuwa Kusiri, da dazukan da ke bayan Colire zuwa Tuboro, ina tare da iyaye ɗari bisa ɗari, babu irin babur ko yawan kayan gyaran da ke canza wannan, wanda ya zama dole ya je ya shiga motar haya da rana tare da jama'a.

Kafin duk wannan kuma, duk mai niyya ya ɗaure kayansa cif yadda zai tafi da su, da ruwan sha lita huɗu ko biyar, ya je Lagdo ya dawo a yini ɗaya. A hanya ya tsaya a inuwa ya cire ƙafar baya da hannunsa, ya fitar da tub ya mayar, ya ga minti nawa ya ci da kuma wace sifana ce babu a jakarsa. In ya dawo Rumde Ajiya da igiyar kaya ta saki, ko bayansa ya riƙe, ko wani noti ya ɓace, sai ya gyara lissafin zangonsa tun kawunsa bai tambaye shi ba.